Fitilun Baba da Harshen Mama

Jakar Baba tana ƙara kamar ta mai sayen tsofaffin kwalabe. Auta ta lura da hakan tun da ya shigo ɗakin jinya, ya ajiye ta a hankali, ya sa ƙafa ya tura ta ƙarƙashin gado don kada nas ta gani.

Da safen nan za a yi wa Mama aikin ciwon daji a gefen harshe. Likita ta riga ta yi musu bayani: an sa mata wani ruwa ta jijiya, wanda ke taruwa a inda ciwon yake. A ɗakin tiyata za a haska bakin da na'ura, wurin ciwon ya fito kore a allo, sai a bi gefensa a yanka, ba a bar ciwo ba, ba a kuma ci lafiyayyen nama fiye da kima ba. Ta ƙara da cewa ido ba ya ganin wannan haske, sai na'urar.

Nan ne Baba ya ƙi. Mutumin da ya tsufa yana gyaran wutar lantarki ba zai yarda akwai hasken da ya fi ƙarfin idonsa ba.

"Auta, ja labule," in ji shi. Ya juya ga Kawu, ƙanen Mama. "Kai kuma kashe fitila."

"Baba, an kusa zuwa ɗaukarta fa."

"Shi ya sa. Kafin a taɓa harshen matata sai na ga abin da za a yanka."

Mama, wadda magana ke yi wa zafi kwanakin nan, ta harare shi, sannan ta buɗe baki. Baba ya jawo jakarsa, ya fara da tocila. Ya koma jan ƙwan fitila, ya gwada shuɗi, ya gwada fitilar keke.

"Ka ga kore?"

"Ni dai harshe nake gani, Yaya," in ji Kawu.

Daga ƙasan jaka Baba ya zaro fitilar da masu shago ke duba jabun kuɗi da ita. Yana kunnawa, haƙoran Kawu suka ɗau haske a cikin duhu, fari fat. Bakin Mama kuwa baƙi ƙirin, domin haƙoranta na roba suna cikin kofi tun da nas ta ce a cire.

Baba ya haska bakin Auta. Ya haska nasa a madubin bango.

"To, magana ta fito. Mu uku ne marasa lafiya. Ita kaɗai ce garau a gidan nan. Haɗa mata kaya, gida za mu."

Ya ɗauke takalman Mama ya matse su a hammata.

"Baba, haƙorin kowa haka yake yi a wannan fitilar," in ji Auta, amma muryarta ba ta taɓa wuce ta kowa ba, kuma Kawu ya riga ya zube a kujera.

"Dama tun makon jiya nake jin tsami a na sama. Yaya, duba min da kyau, duka ne ko rabi?"

Baba ya sunkuya a kansa.

"In suka yanka da yawa," ya ce ƙasa-ƙasa, kamar da bakin Kawu yake magana, "wa zai riƙa yi mini faɗa?"

A waje, ƙafafun gadon tura marasa lafiya suka yi ƙara, suka tsaya daidai ƙofarsu.

Auta ta ji an danƙa mata abu mai sanyi a hannu. Kofin haƙoran ne. Mama ta sauko daga gado, ta tsaya a bayan Baba, ta gyara masa wuyan rigarsa da ya naɗe. Bai waiwaya ba, yana ta ƙirga haƙoran Kawu. Ta taka ba takalmi, ta buɗe ƙofa daidai yadda za ta wuce, ta ja ta a hankali.