Awwalu Ɗan Wa?

Yau kwana uku da rasuwar Awwalu, kuma har yanzu matan da ke shigowa ta'aziyya wuce Shatu suke yi. Su tsallake ƙafafunta, wallahi, kamar an ajiye buhun gero a bakin ƙofa, su zarce ƙuryar rumfa inda Baraka ke zaune, su rungume ta, su ce, "Azzamallahu ajriki, ya Umm Awwal." Ita kuwa Baraka ta wangale baki ta saki kuka, ta fyace hanci da gefen mayafi, ta karɓe gaisuwar kamar dama tata ce.

Shatu ce fa ta haife shi. Gidan da ake zaman makokin ma nata ne, ɗakin gwangwani ɗaya da rumfar tabarma a unguwar Jarwal, cikin 'yan'uwanta Takari na Makka. Gahawar da ake zagayawa da ita, ita ta daka ta da hannunta. Amma tana zaune a bakin ƙofa, idonta a bushe, kishi na cin ta kamar ta haɗiye garwashi.

Abin da ya jawo, Awwalu ɗan fari ne. A garinsu, can wajen Gaya a ƙasar Kano, mace mai kunya ba ta kama sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi ba ita ke rugawa ta ɗauke shi ba. Da wannan kunyar Shatu ta baro gida, ita da mijinta Malam Tsoho, shekara huɗu suna tafe a ƙasa, su yi ƙwadagon auduga a nan, su yi aikin gini a can. A wani zango kusa da Fashir a ƙasar Sudan ta haihu. Suka ƙetare teku, suka iso Makka yaron yana tatata, Malam Tsoho ya yi hajji ɗaya ya kwanta dama. Daga nan sai ita sai yaron, kuma ba ta sake aure ba. Shekara ashirin da uku "yaron nan" take ce masa. Ko watan Rabi'ul Awwal ba ya fita daga bakinta, sai dai ta ce watan Mauludi.

Baraka kuwa haifaffiyar Makka ce. Kakanta ne ya zo daga Katsina, Hausarta rabi Larabci, kunyar ɗan fari kuma ko a labari ba ta san ta ba. Allah bai ba ta haihuwa ba. Tana sayar da balila, dafaffen wake irin na can, a ƙofar gidanta, daura da bazan, wato matattarar ruwan unguwa inda masu ɗiban ruwa ke bin layi. Tun Awwalu na yawo ba wando ta janye shi. "Ya Awwal! Ya waladi! Ta'al!" Haka za ta ƙwala masa kira har a ji a lungu na uku, ta ɗora shi a cinya, ta cusa masa balila a baki. Shi kuma ya taso yana ce mata Ummi, yana ce wa Shatu Inna. To matan Larabawa da Jawawa 'yan Indunusiya da ya girma yana kai wa ruwa, ina suka san abin da Inna ke nufi? Su dai sun san Ummi.

Tsofaffin da suka zo a ƙasa irin Shatu sun san gaskiya, sukan durƙusa a gabanta su ce, "Ya haƙuri?" Amma su nawa ne? Su ma da sun gaisa sai su gyara zama su juya wajen Baraka, don a can labari yake.

Kai, Baraka da labari! Kwana uku ba ta maimaita ko ɗaya ba. Ta ba da na ranar da kunama ta harbe shi yana ɗan shekara shida, ya ƙi kuka sai da ya iso wurinta. Ta ba da na ranar ambaliyar Laraba, da ruwa ya ci lungunsu, ya goya ta a baya ya hau dutse da ita, sannan ya koma ya ɗauko mata akuya. Ta ba da na wani tsohon alhaji Bajawe da ciwo ya kwantar, Awwalu ya yi wata guda yana cika masa tulu yana wanke masa tufafi, har tsohon ya ce sai ya tafi da shi ƙasarsu. Mata na ta girgiza kai suna cewa, "Allah yarhamu, kin yi tarbiyya, ya Baraka."

Kin yi tarbiyya! Shatu ta ji kalmar har cikin haƙoranta.

A rana ta biyu ne Baraka ta saki wanda ya fi ciwo. Wai akwai yarinyar da ya gani a unguwar Utaibiyya, 'yar wani maɗinki, wai ya ce bayan Safar zai tura a tambaya masa. Ashe har yarinya ya gani! Shatu ba ta taɓa ji ba sai ranar, a tsakiyar mata, daga bakin mai balila. Ta miƙe kamar za ta duba wuta, ta je bayan ɗaki ta tsaya tana kallon bango har numfashinta ya daidaita.

Ba wai ita ba ta da nata ba ne. Tana da shi, cike da ciki. Ta san ƙarar sandar da yake rataya garwa biyu a kai, tana gane ta cikin ta mutum goma. Ta san kantar da ke kafaɗarsa ta dama, ita ce ma ta yaga tsohon zaninta ta ɗinka masa matashi a cikin riga ba tare da ta ce uffan ba. Shi ma bai ce an gode ba. Washegari dai, da kowace safiya bayan ta, garwar farko a randarta yake juyewa kafin ya kai wa kowa, ya yi tari sau biyu a bakin ƙofa ya wuce. Ita kuma ta rufe masa tuwo da faifai, tsokar da ta fi girma a binne a ƙasan miya. Hirarsu ke nan ta shekara da shekaru. To wannan ta yaya za ka ba da shi a taron mata? Ka ce me, yana tari sau biyu?

Ga kuma maganar ranar da ya rasu, wadda ta fi komai tsaya mata a rai.

Bayan an watse daga hajji ne, ana rana mai narka kwalta. Ashe kwana biyu yana ɓoye zazzaɓi. Wajen hantsi ya yanke jiki ya faɗi a bazan, garewani a kafaɗa. Abokan aikinsa suka kinkime shi, ba wanda ya tsaya tambaya, suka shigar da shi gidan Baraka. Rabi'atu, maƙwabciyar Shatu, ita ta sheƙo a guje ba ko takalmi.

"Yaya Shatu! Ɗanki ya faɗi! Yana gidan Baraka!"

Shatu na bakin murhu tana suyar gyaɗa cikin yashi, sana'arta ke nan, ga mata uku tsaye suna jiran awo. Ta yunƙura za ta tashi. Amma ga idon mutane a kanta, kuma uwa ba ta rugawa don ɗan fari. Sannan, a faɗi gaskiya, "gidan Baraka" ya fi "ya faɗi" shiga kunnenta. Can aka kai shi? To ai yana hannun uwarsa, in ji zuciyarta. Ta ce, "Allah ya sawwaƙe. Je ki, ina zuwa." Ta ƙarasa suyar kaskon, ta tankaɗe yashi, ta auna wa matan nan ɗaya bayan ɗaya. Ta wanke kasko ta kife. Ta yafa mayafi, ta taka a hankali kamar mai zuwa barka. Tun daga bakin lungu ta jiyo kururuwar Baraka. Da ta shiga an riga an lulluɓe shi, wata mata a tsakar gida tana cewa, "Allah sarki, a cinyar uwarsa ya cika."

Cinyar nan ita ce ta hana Shatu sukuni kwana uku. In ta ɗaga ido ita take kallo, faffaɗa, lulluɓe da farin zane. Ta tsane ta. Ta tsani hannun da ke bubbuga ta in labari ya yi daɗi.

Bayan la'asar ta rana ta uku aka fito da farantan shinkafa da hummus, abincin makoki na mutanen garin, aka ci aka wanke hannu. Faƙiha Maryama, tsohuwar da ke yi wa matan unguwa karatu, ta rufe saukar da aka yi. Ita kuwa al'adarta, in za ta yi wa mamaci addu'a da sunan mahaifiyarsa take haɗawa. Idonta ya yi rauni, ba ta kuma cika sanin mutanen wannan lungu ba. Ta ɗaga tafin hannu ta tambaya, "Marigayin, wane ɗan wance za mu ce?"

Wata Balarabiya daga cikin gidajen da yake kai wa ruwa ta yi caraf ta ce, "Awwal walad Baraka."

Kawuna suka gyaɗa. Shatu ta dubi Baraka, tana jiran ta gyara. Baraka ta sunkuyar da kai tana murza carbi, ta yi shiru abinta. Lallai matar nan! A duniya ta ƙwace shi, yanzu kuma har gaban Allah da sunanta za a kai shi? Faƙiha ta ja numfashi za ta fara.

"Awwalu ɗan Shatu ne."

Muryar Shatu ce ta fito, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. Tsofaffin Takari suka kama baki. Rabi'atu ta ce, "Yaya!" Shatu ba ta ko dube ta ba. Ta riga ta miƙe, mayafi ya zame mata.

"Na ce Awwalu ɗan Shatu ne! Ni na haife shi a gindin ƙaya, ba ungozoma, ba ruwan zafi. Ni na goyo shi daga Fashir har bakin teku, ƙafata na zubar da jini. Kina ina lokacin, Baraka? Kwana uku kina zaune a rumfata kina rabon ɗana kamar balila, kowa kin ba shi cokali. Kunama, akuya, yarinyar Utaibiyya! Kin samu hirarsa, kin samu dariyarsa, kin samu kansa a cinyarki ranar da zai tafi. Sunan ma ba za ki bar mini ba?"

Baraka ta ajiye carbi. Fuskarta ta kumbura da kuka, amma da ta buɗe baki, muryar ba ta masu ba da haƙuri ba ce.

"Na yi shiru, aiwa. Na so a faɗa sau ɗaya, ko da ƙarya ne. Sau ɗaya bas, ya Shatu. Ke kin san me kika samu kuwa?" Ta buga cinyar da tafin hannu. "Wannan kike wa kishi? Wallahil azim bai cika a kanta ba."

Shatu ta zuba mata ido.

"Da aka shigo da shi na ɗora kansa a nan, ina shafa masa ruwa. Ya buɗe ido ya ce, 'An gaya wa Inna?' Na ce Rabi'atu ta tafi. Sai ya ce, 'Ummi, sauke kaina ƙasa. In ta shigo ta gan ni a cinyarki ba za ta ji daɗi ba, kuma ba za ta faɗa ba.' Na ce haba ya waladi, ƙasa da zafi. Ya ce in sauke. Shekara ashirin ina ba shi abinci a baki, ya ce in sauke! Na sauke. Na ce to ga matashi, ya ce a'a, a bar wurin, tana zuwa."

Wata daga cikin matan ta fara salati a hankali.

"Ya juya fuska wajen ƙofa. Da ya ji takun gudu a lungu ya yunƙura, ya ce, 'Ita ce.' Sai ga Rabi'atu ta dawo." Baraka ta share ido da bayan hannu. "Ya ce ba komai, Inna ba ta sauri. Bai ƙara magana ba sai shahada. Kansa a kan tabarma, ba a cinyata ba, ba a taki ba."

Shatu ta juya ta dubi Rabi'atu. Rabi'atu ta kau da kai.

"Bayan dawowarta," in ji Shatu, da ƙyar ake jin ta, "ya daɗe?"

"Ya ɗan jima. Da kin biyo bayanta ko da tafiya ce, da kin same shi," in ji Baraka.

Shatu ta sulale ƙasa. Ta zauna a inda take, daɓas, a tsakiyar rumfa, ta miƙe ƙafa kamar mai shirin karɓar jariri. Ta dubi cinyarta, siririya, zanin ya koɗe a gwiwa. Kukan da ta riƙe kwana uku ya zo, ba irin na Baraka mai kururuwa ba, wani gunji ne daga ƙasan ciki, kuma a cikinsa sunan take ta faɗa. Awwalu. Awwalu. Tana faɗa tana ƙarawa, kamar za ta biya na shekara ashirin da uku a zama ɗaya. Ba tsohuwar da ta ce mata kul.

Faƙiha Maryama ta jira har abin ya lafa, sannan ta ɗaga hannu ta roƙa wa Awwalu ɗan Shatu gafara da sanyin kabari. Mata suka shafa. Baraka ma ta ce amin, tata ta fi ta kowa ƙarfi.

Da aka tashi tafiya, matan suka yi layi a gaban Shatu, Larabawa da Jawawa da Takari, kowace ta sunkuya ta rungume ta ta ce, "Ya Umm Awwal." Abin da ta kwana uku tana so ke nan, ga shi ya samu. Ita kuwa ba su take gani ba. Ta saman kafaɗunsu idonta na kan kaskon gyaɗa, yana nan a gindin randa inda ta kife shi ran nan, a wanke tas.