Dungu a Cikin Manhaja

Auta na tsakiyar duba manhajar da aka ba ta ta gyara sai idonta ya faɗa kan kalmar "dungu". Ta matso da fuskarta kusa da kwamfutar. Dungu dai, ba gizo idonta ke yi mata ba.

Tun farkon zango wani kamfani da ya ce zai ɗauki ma'aikata yake wahalar da 'yan ajin ƙarshe a ɗakin taron jami'a. An yi jarrabawar lissafi, an yi hira ta bidiyo, an yi aikin rukuni, kowane zagaye a ce daga shi sai na ƙarshe. Masu gajen haƙuri sun watse tuni, waɗanda suka rage kuwa kwalar rigunansu ta gaji da guga. Auta ta nace, domin kowa a gida ya zuba mata ido, ita ma aikin nan take so kamar ranta.

Dungu sunan kyanwarsu ne mai guntuwar wutsiya, wadda ta daɗe da mutuwa. Yayanta, wanda ya koya mata rubuta manhaja, yana da wata ɗabi'a: duk abin da ya rasa sunan da zai sa masa sai ya kira shi dungu kafin ya samo na kirki, sau da yawa kuma ya manta bai canza ba. Bara ya zauna a wannan ɗakin, gaban wannan kamfanin, har zagayen ƙarshe. Yanzu gyaran waya yake yi a rumfar wani.

Ta ci gaba da dubawa. Ga yadda yake jera layuka, ga dogon bayaninsa da ba ya ƙarewa. Aikin Yaya ne, ko daga barci ta tashi za ta gane shi.

Ta zunguri Dogo, ɗan ajinsu da ke gefenta. "Kai, me aka ba ka?"

"Shafin aika saƙo. Ke fa?"

"Na rajista. Waccan kuma na ga na bincike take yi. To in aka haɗa namu duka, me ya zama? Ba aikinsu muke yi musu kyauta ba kuwa?"

"Ke dai kin cika zargi," in ji Dogo ƙasa-ƙasa. "Ki bari a ɗauke mu tukuna, kya yi bincikenki."

Auta ta ɗaga hannu. Matar da kamfanin ya turo ta ƙaraso, kati a wuya, da murmushin nan nata da ba ya sauka.

"Ranki ya daɗe, wa ya rubuta wannan?"

"Injiniyoyinmu. Da gangan muka saka kurakurai don mu gwada ku."

"Cikin 'yan bara, mutum nawa kuka ɗauka?"

Murmushin ya ɗan daskare. "Muna nan muna tuntuɓarsu. Lokaci na tafiya, ƙanwata." Sai da ta ƙare wa katin sunan Auta kallo sannan ta wuce.

Auta ta riga ta gano kuskuren. Ta daɗe da yatsa a kan madannin turawa, haushi ya cika ta fal. In ta ƙi turawa, wahalar watanni ta tashi a banza, kuma ba ta da hujjar da ta wuce sunan kyanwa. Wa zai saurare ta? Ta gyara, ta tura, kunya ta rufe ta. Dungu dai ta bar shi inda yake.

Da yamma ta biya ta rumfar. Yaya ya ajiye wayar da ya buɗe, ya tare ta da fara'a.

"Auta! Yaya aka ƙare? Me suka ce?"

Ta buɗe baki, sai ta ga tasa wayar jingine a kan tebur, fuskar wayar na kallonsa, inda ba zai rasa kira ba.

"Sun ce za su kira," ta ce.

"Madalla! Ni ma haka suka ce min. Kada ki bari cajinki ya ƙare."