Ƙullin da Na Yi wa Delmar

"Ba wannan na aike ka ba," in ji Delmar. Ya juya kwalin zaren fatsar a tafin hannunsa, ya turo min shi a kan tebur kamar na kawo masa mushe.

"Shi kake saye shekara talatin," na ce.

"Shekara talatin ina da yatsu, Hollis."

Delmar Pruitt maƙwabcina ne, shinge ɗaya ya raba mu a bakin tafki, nan arewacin Alabama. Shekarunsa tamanin da ɗaya. Matarsa ta rasu, tawa ma ta rasu, 'yarsa Lorna tana can Denver, tana kira ran Lahadi idan ta tuna. Ba zan ce mu aminai ne ba. Mu biyu ne kawai muke ragewa a layin da zarar masu hutu sun kulle gidajensu sun koma birni.

Ciwon sukari ya kashe masa jin yatsu, likita kuma ya ce zuciyarsa ta gaji. Maganar zuciyar ko a jikinsa. Abin da ya dame shi wani kifi ne mai faɗin baki da ake kira bas. Shi bas, idan ka jefa masa tsutsar roba, ba ya fizga. Zuƙe ta yake yi a hankali, sai ka ji ɗan motsi a zare, kamar an ƙwanƙwasa ƙofa sau ɗaya. In ba ka ji ba, ya tofar ya yi gaba.

"Tun bara rabona da in ji," ya ce. "Sai in ɗago in ga tsutsar a murɗe. Ya zo, ya ɗanɗana, ya tafi, ni ina tsaye kamar gungume. Wannan nailan ɗin miƙewa yake yi. Kafin saƙon kifi ya iso hannuna ya mutu a hanya. Zare mai kitso nake so, shi ba ya miƙewa."

"Mai kitso? Ba kai ne kake ce masa igiyar shanya ba? Ba kai ka ce na ragwaye ne ba?"

"Ni ne. Tashi ka sayo min igiyar shanya."

Na tashi ina gunaguni, na sake tuƙa mil goma sha biyu zuwa shagon kayan fatsa. Mai shagon ta ce in faɗa masa ruwa ya yi garau bana, kifi zai hango zaren. Da na isar da saƙon, Delmar ya ɗaga kafaɗa.

"Ya hango mana. Ni ba ɓuya nake yi ba. Sau ɗaya nake so in ji shi, shi ke nan."

Ran Alhamis da hantsi na kai masa kujera ƙarshen dandamalin katakon da ya shiga cikin tafki a bayan gidansa, don shiga kwalekwale ya fi ƙarfinsa. Ya ɗauki ƙugiya da bakin zaren. Sau huɗu yana ƙoƙarin zurawa a idon ƙugiyar, zaren yana kuɓuce masa. Na juya kai ina kallon ruwa, don na san shi da girman kai. Can ya miƙo min.

"Ka iya ƙulli kuwa?"

"Ina kama tarwada tun kafin ka yi furfura."

"Tarwada! Hantar kaza da kujera da gyangyaɗi, wai shi ma kamun kifi." Ya yi tsaki. "Saurara. Wannan zaren santsi gare shi. Ninka shi biyu kafin ka zura, ka yi madauki, ka shigar da ƙugiyar gaba ɗaya ta ciki."

Na ce to. Sannan na juya masa baya na yi ƙullin da mahaifina ya koya min, murɗa biyar, wanda bai taɓa ba ni kunya ba a kan nailan. Gaskiyar magana, ban gane bayaninsa ba, kuma na gwammace komai da in ce wa Delmar Pruitt ya maimaita. Shekaruna sittin da tara, amma ban wuce irin wannan girman kan ba.

Ya saƙala tsutsar, baƙa mai jan wutsiya, ya wurga kusa da ciyawar ruwa. Ya ɗora zaren a kan wuyan hannunsa, wajen da sauran ji ya rage masa. Yana ja kaɗan, yana tsayawa. Muka yi kusan awa biyu a haka, har gahawata ta huce a kofi.

"Hollis," ya ce ƙasa-ƙasa. "An ƙwanƙwasa."

Ya fizgi sandar fatsar da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Ta lanƙwashe. Wani ƙaton bas ya juya a saman ruwa, na ga farin cikinsa da faɗin bakinsa. Delmar ya miƙe tsaye, wanda rabonsa da miƙewa ba sandar dogarawa tun lokacin sanyi. Sai zaren ya saki.

Ya naɗe shi a hankali. Babu ƙugiya, babu tsutsa. Ya kawo bakin zaren dab da tabaronsa. Ba tsinkewa ya yi ba, ko makaho ya shafa zai gane warwarewa ya yi.

"Ninki nawa ka yi?"

Kunya ta rufe ni, na ji kamar katakon ya buɗe in faɗa ruwa.

"Mutumin tarwada," ya ce. Sai dariya ta ƙwace masa, ta koma tari, har sai da na riƙe shi na zaunar. Da numfashinsa ya dawo ya ce, "Amma ka gani? Na ji shi. Sau biyu ma." Ya buga gwiwata da yatsa. "Tak. Tak. Gobe ka zo in koya maka ƙulli, tsohon banza, kada ka mutu jahili."

Washegari aka wuni ana ruwa. Asabar ya ce jikinsa ba daɗi, in bari sai Litinin. Na so in ce masa ya yafe min, na ce a raina ai akwai Litinin.

Litinin da safe na shiga da gurasar masara a faranti. Na tarar da shi a kujerarsa ta bakin taga, fuskarsa na kallon tafki, rediyo na ta hasashen yanayi. Rai ya yi halinsa. Na kira waɗanda ake kira, na kashe rediyon, na zauna kusa da shi har suka iso.

Mu tara ne a majami'a, har da fasto. Lorna ta zo ta yi kwana uku, ta rungume ni, ta ce ta gode da na kula mata da baba. Ban gaya mata kifin ƙarshe na mahaifinta ni na sakar masa ba. Har yau abin yana ci na.

Ranar da za ta koma ta ba ni sandar fatsarsa. Ta kuma ɗauko wani abu daga kan teburin kicin.

"Kawu Hollis, wannan fa? In zubar?"

Igiyar shanya ce ta gaske, mai kauri, wadda yatsun Delmar za su iya riƙewa, ya yanko kamar kamu biyu. Ya ninka ta biyu, ya zura ta cikin zoben makulli, ya yi madaukin. Bai ja ƙullin ba. Ya bar shi a sake, yadda kowane zagaye zai fito fili ga mai koyo.

"Bar min," na ce.

An sa wa gidan allon sayarwa, amma ba wanda ya hana ni dandamalin. Da hantsi nakan kai kujera ɗaya. In ajiye igiyar a kan gwiwata, in ninka zaren biyu, ina duba nasa ina yin nawa. Har yanzu ban ja ƙullinsa ba.