Aikin Ranar Alhamis

Dokta Ssebunya likitan ƙashi ne a wani asibitin Kampala, kuma ba sunan da ya tsani ji kamar na Dokta Byaruhanga, likitan jijiyoyin jini. Aji ɗaya suka yi, amma yabo sai ka ce gadon Byaruhanga ne. Ssebunya yakan wuni a tsaye yana haɗa ƙashin baya, wancan ya leƙo na minti goma, dangin majiyyaci su bi shi da kaza da tulin ayaba. Wura ga Auta, yabo ga ɗan fari! Ƙyashi dai ya ci shi, ba wani boye-boye.

Ƙa'idar asibitin ita ce, duk aikin da za a kafa ƙusa a ƙashin baya sai likitan jijiya yana kusa, don babbar jijiyar da ta taso daga zuciya a jikin ƙashin take kwance. Da aikin Malama Nansubuga ya zo, wata malamar firamare mai 'ya'ya huɗu, sai Ssebunya ya ɗage shi daga Talata zuwa Alhamis, ranar da Byaruhanga ke zuwa duba marasa lafiya a Masaka.

"Dokta, wa zai tsaya mana?" in ji Sista Akello, babbar nas ɗin tiyata.

"Shekarata goma sha bakwai ina wannan aiki, Sista. Raino nake nema?"

Ƙusa biyar suka shiga lafiya lau. Ta shida, ta gefen hagu, ta goce. Jini ya taso ja jawur, na'ura ta hau kuka, mai ba da maganin barci ya ce jininta na faɗuwa. Ssebunya ya danna wurin da yatsa. Masaka tafiyar awa uku ce.

Ƙofa ta buɗe. Byaruhanga ne, hannuwa a wanke, a ɗage sama.

"Matsa kaɗan, ɗan ajinmu. Riƙe min nan."

Ssebunya ya riƙe ƙarfen buɗe rauni kamar ɗalibi, har aka juya ta, aka ɗinke jijiyar, na'ura ta lafa.

A wurin wanke hannu Ssebunya ya ce, "Ba ka je Masaka ba?"

"Na ga ka canja ranar," in ji Byaruhanga, yana ta cuɗa sabulu bai ko dube shi ba. "Tun ƙarfe bakwai nake zaune a ɗakin shayi."