Gidan Ba Kalli na Ƙetaren Kogi

"Wannan jaki ne ko tebur?" in ji Ba Kalli, yana duban zanen takardar da ke hannunsa.

Yarinyar da ta zana ta ce, "Jaki ne, Kaka."

"To me ya kai shi ƙafa biyar?"

"Ta biyar wutsiya ce."

Ya Kellu, matarsa, ta danne dariya da bakin mayafi. Rabon da ta ji tsohon ya ɗaga murya haka tun ranar da likita ya ce a mayar da shi gida, a yi ta addu'a.

Abin da ya tara yaran lakkwal, wato makarantar boko, a gidan mara lafiya kuwa, ga shi. Tun da suka gudo daga ƙetaren kogin Komadugu suka zauna Diffa, Ba Kalli bai sake ganin gidansa ba, ko a hoto. Da ciwo ya kayar da shi sai ya kafe, shi dai ya ga gidan nan kafin ya rufe ido. Hanya ba ta biyuwa, ƙafar ma babu. Maƙwabciyarsu Madam Fa'iza, mai koyarwa a lakkwal ɗin unguwa, ta ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama: tsarin karatun bana ya ce yara su iya jin bayani su mayar da shi zane, su kuma haɗa launi da kayan gida. Sai ta kwaso ajinta kaf, aka fito da tsoho inuwa.

Baƙi, gawayi. Shuɗi, bular wanki. Ja kuwa garin tattasai ne da ruwan ƙaro, don a Diffa, cibiyar noman tattasai, wanda ya sayi jan fenti ya raina arzikin garinsu. Ana buɗe kwanon jan, tsakar gida ta kaure da atishawa, har mara lafiyar ya yi wadda ta kusa zaunar da shi.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "To ku saurara. Ɗaki shida, zaure babba, ƙofar ƙarfe."

"Malam, ka ji tsoron Allah, kana bakin hanya," in ji Ya Kellu. "Ɗaki biyu ne. Ɗayan ma awaki ke kwana."

"Kellu, ke aka tambaya?"

Yara suka duƙufa. Sai dai su a duniyarsu, gida mai ɗaki shida da ƙofar ƙarfe, biro ne, wato ofishin masu ba da agaji. Haka aka jera wa tsoho takardu: kowane gida da waya mai ƙaya a kan katanga, da farar mota mai tuta.

"Wane ne wannan a ƙofata?"

"Gardi ne mai tsaron ƙofa, Kaka. Sai ka nuna kati ka shiga."

"Gidan nawa?"

Madam Fa'iza ta ce, "Baba, ka duba yadda suka cika takarda, ga launi ya zauna. Wallahi sun yi ƙoƙari."

"Sun yi, Madam. Allah ya yi albarka. Amma ko kazata ba za ta gane nan ba."

Aka yi dariya, ban da shi. Da aka mayar da shi ɗaki ya juya wa kowa baya, ya ƙi kunu.

Ya Kellu ta daɗe tana kallon ƙeyarsa. Ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma ta yi wa amare lalle da yawa. Ta ɗauko guntun gawayi da ragowar jan da yara suka bari a kwano, ta durƙusa gaban bangon da yake fuskanta. Ta ja ɗaki biyu. Ta karkata katangar gabas, ta tokare ta da ice kamar yadda suka baro ta. Ta tsoma yatsa ta ɗiɗɗiga ja a kan rufi, shanyar tattasai.

"Kin ƙanƙanta shi," in ji murya daga shimfiɗa.

"Haka ka gina shi."

"Ina randar?"

Ta ƙara randa.

"Ba nan take ba. Hagu."

"Ni ke ɗibar ruwa a cikinta, Malam."

Ya ƙura wa zanen ido. Can ya ce, "To matsa, kin tsaya mini a ƙofa."

Ta matsa.

Ranar Alhamis, ana kiran la'asar, Allah ya karɓi abinsa.

A zaman makoki ɗakin ya cika da mata, har wasu na tsaye a waje cikin rana. Kowa ta samu bango ta jingina. Wurin nan ɗaya ne aka bari, gaban ƙofar zanen, faɗin mutum guda.