Gurasar Mama Odessa

"Ba zan tsallake gidanta ba, Baba Fasto."

Fasto Lucius Pettway ya dube ni ta saman tabarau. Lahadin farko ce ta wata, an tashi daga sujada, ina tsaye a ofishinsa cikin farar riga, riƙe da ƙaramin akwatin Jibin Ubangiji. Shekara uku ke nan ni ke kai gurasa da ruwan inabi gidajen tsofaffinmu da ba sa iya zuwa coci. Ran nan ya soke suna ɗaya daga takardata: Mama Odessa Tolbert.

Laifinta ɗaya ne. A taron ikilisiya, da Fasto ya so naɗa ɗansa mataimakinsa, ta miƙe da sandarta ta ce ba a naɗa mataimakin fasto sai da ƙuri'ar jama'a, ko da ɗan fasto ne. Bayan mako biyu ta faɗi ta karye a ƙugu.

"Renita, 'yata, digirin nan naki ne ya toshe miki kunne? Mai tawaye ba ta cin jibi sai ta zo ta nemi gafara a gaban jama'a."

"Da wace ƙafar za ta zo? Kuma teburin na Ubangiji ne, ba naka ba."

Ya yi murmushi ya ɗan buga aljihun teburinsa da yatsa. "Wasiƙar da makarantar tauhidi ke jira tana nan. Ban sa hannu ba tukuna."

Makarantar da na nemi shiga ba ta karɓar kowa sai da wasiƙar faston da ya yi rainonsa. Shi kuwa mutumin nan shi ya yi mini baftisma ina 'yar shekara tara. A bakinsa na fara jin cewa idan umarnin mutum ya ci karo da na Allah, na Allah ake bi. Na yarda da shi a lokacin. Na ɗauki makullin motata na fita.

Na tarar da Mama Odessa kwance a falo, fanka na kaɗawa.

"Ke 'yar nan, Lucius ya san kin zo?"

"Ya sani, Mama."

"Yaron da na sha share wa majina! Koma, kada ya cinye ki. Ni da Yesu mun saba, ba zai yi fushi ba don na rasa jibin wata ɗaya."

"Miƙo hannunki."

Ta miƙo. Ta ci, ta sha, muka yi addu'a. Sannan ta tilasta mini cin burodin masarar da maƙwabciyarta ta kawo.

A cikin makon uku daga cikin dattawan cocin bakwai suka kira ni a waya, har da kawuna Cleon, ƙanin mahaifiyata. "Gaskiyarki ce, 'yar gidana," in ji shi. "Ki tsaya, muna bayanki."

Ranar Lahadi Fasto ya yi wa'azin awa guda a kan biyayya. Da ya gama ya kira ni gaba, ya ce in nemi gafara. Na ce ban ga abin da zan tuba a kai ba. Sai ya nemi dattawan da suka yarda a karɓe akwatin daga hannuna su ɗaga hannu. Na juya na dube su ɗaya bayan ɗaya. Duk bakwai suka ɗaga. Kawu Cleon ya ɗaga nasa yana kallon takalminsa. Mahaifiyata tana cikin mawaƙa, ta buɗe littafin waƙa ta kafa masa ido.

Ban yi kuka ba. Na ajiye akwatin da hannuna, na taka a hankali har bencin ƙarshe na zauna.

Wata bakwai ke nan, kuma har yau ban nemi gafarar ba. Makarantar ta ba wani gurbina a watan Agusta. Na rasa hidimata, na rasa karatun da na yi shekara biyar ina shiri dominsa, mahaifiyata kuma ba ta zama benci ɗaya da ni.