Zoben Stoimen

Ralitsa ta koya wa direbobin tirela yadda ake riƙe ƙarfe. Ta koya wa 'yan sanda masu taurin kai, ta koya wa samarin da ba abin da ke kawo su ɗakin motsa jikinta sai kallon kansu a madubi. Duk sun ji magana. A kaf garin Sliven mutum ɗaya ce ta gagare ta, wato matar da ta haife ta.

Likita ne ya ce ƙasusuwan uwar tata, Nedyalka, sun fara rauni, ta riƙa ɗaga nauyi kaɗan-kaɗan. Tun rasuwar mijinta Stoimen ba ta zuwa ko'ina sai kasuwa da maƙabarta. Shi ya sa ranar da ta sauko matakalar ɗakin motsa jikin nan na ƙarƙashin bene, da baƙar rigarta da banitsa, burodin nan mai cuku, da zafinta a leda, Ralitsa har ƙwalla ta yi don murna. Murnar ba ta je ko'ina ba.

Yau ma ga su a kan bencin da aka ɗaga majinginarsa, tsohuwar ta kishingiɗa, sandar ƙarfe na rataye a saman fuskarta.

"Mama, ƙafafu a ƙasa. Ki matse allon kafaɗunki a baya. Yawwa. Kar ki buɗe gwiwar hannu kamar kaza za ta tashi, ki ɗan jawo su jikinki."

Nedyalka ta yi duka, tsaf. Wannan ne ma abin haushin. Ta iya sauke ƙarfen a saman ƙirji daidai inda ake so, wuyan hannunta a miƙe, ba ta cilla shi ba ta gaggawa. Amma babban yatsanta na dama yana nan a tsaye, ya ƙi zagaye sandar.

"Mama, yatsan."

"Na ji."

"Kin ji, amma yana sama."

"To ai yana hutawa ne. Ke ba kya hutawa?"

Ralitsa ta san dalili, kowa a ɗakin ya sani. Zoben auren Stoimen ne a yatsan. Ya yi wa sauran yatsun yawa, babban ne kaɗai ya riƙe shi. Sandar kuwa an yi mata kaushi don kar ta zame a tafin hannu, kaushin nan ya taɓa kartar zoben sau ɗaya a makon farko. Tun daga ranar Nedyalka ta ɗage yatsa, ba roƙon da ba a yi mata ba.

"Ki cire shi ki sa a aljihu mana."

"In sa babanki a aljihu kamar canjin burodi? Ke dai ba ki da ta ido."

Kawu Dimcho, tsohon ɗan kokawa kuma aminin marigayin, yana gefe yana cin banitsar da ba shi aka kawo wa ba. Ya ce da cikakken baki, "Ƙyale ta, 'yata. Mu a zamaninmu haka muke riƙewa, ga mu nan da ranmu."

"Kawu, kai haƙoranka na gaba ina suke?"

Ya ci gaba da tauna.

Ralitsa ta koma bayan bencin ta tsaya, hannuwanta a ƙarƙashin sandar, ranta a dagule. A benci mai jingina, ƙarfe ba a kan ciki yake tafiya ba, a saman wuya yake. In babu babban yatsa da zai kulle shi, gumi kaɗan ya isa. Ta faɗi wannan da lallashi, ta faɗa da faɗa, ta faɗa a gida wajen cin miyar wake har miyar ta huce.

Nedyalka ta sauke, ta ɗaga. Ta sake saukewa. A ɗagawa ta gaba sandar ta mirgina daga tafin hannun dama.

Ralitsa ta cafke ta saura ƙiris ta sauka a maƙogwaro. Ta rataye ta da ƙarfi har ƙarafunan suka yi ƙara, kowa ya waiwayo.

"Shi ke nan! Tashi, Mama. Na gama. Ko ki cire zoben nan, ko kar ki sake sauko min nan. Na binne uba, ba zan binne uwa a kan bencina ba!"

Tana faɗa ta ji tsoro ya kama ta. Ta san halin uwarta. Za ta iya ɗaukar jakarta ta hau matakalar nan ta koma kujerar bakin taga, ta zauna har ƙasusuwan su ƙarasa lalacewa.

Nedyalka ta tashi zaune tana haki. Ta dubi matakala, ta dubi zoben. Sannan ta murza shi a hankali ya fita, ya bar farin zagaye a fata.

"Miƙo hannunki."

Ta zura shi a babban yatsan 'yarta. Da ɗuminsa.

"Riƙe min shi. Ba aljihu ba."

Ta koma ta kishingiɗa, ta naɗe yatsunta biyar-biyar a jikin sandar, irin riƙon da Ralitsa ta yi watanni tana roƙo. Ta sauke ta ɗaga, ta sauke ta ɗaga, ba ko tangarɗa. Da ta gaji ta ce, "Karɓi."

Ralitsa ta kama sandar ta mayar da ita maratayi. Ba ta sake ta ba tukuna sai ta ga uwarta ta zuba wa hannunta ido daga ƙasa. Ta duba ita ma. Babban yatsanta na dama yana tsaye a sama, nesa da kaushin ƙarfen, ba ta ma san ta ɗage shi ba.

"Malama," in ji Nedyalka, "yatsan."

Ralitsa ta yi niyyar naɗe shi. Ta kalli 'yar kartar nan da ke jikin zoben babanta, yatsan ya ƙi sauka.